Babi na Takwas: Dawowa Iri Biyu

Tambayar da dangi ke tarar likita da ita idan ya fito daga ɗakin tiyata ba ta canzawa, ko a Kano ne ko a Landan: "Likita, an cire duka?" Galibi yakan ce e, kuma gaskiya ya faɗa. Duk abin da ido ya gani, duk abin da yatsa ya taɓa, ya fita. Bayan 'yan makonni ɗakin gwajin nama ya tabbatar da cewa gefen abin da aka yanke fes yake, babu ƙwayar daji a jikinsa. Sai a yi hamdala, a warware ɗinki, mace ta koma ɗakinta.

Abin da ba a cika faɗa a ranar ba shi ne, dajin fatar gaban mace yana cikin masu yawan komowa inda aka cire su. Wani bincike da likitocin birnin Groningen na ƙasar Holan suka jagoranta ya bi mata kusan 400 waɗanda aka kama ciwonsu da wuri, ƙarin bai kai santimita 4 ba, kuma ƙwararru ne suka yi musu aiki. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna cewa bayan shekara 5 ciwon ya sake fitowa a gaban mata 27 cikin kowane 100. Bayan shekara 10, kusan 40 cikin 100. Da masu binciken suka tattara nazarce-nazarcen wasu ƙasashe a 2018, sai suka tarar kowace shekara kimanin mata 4 cikin 100 ne ciwon ke dawo wa, kuma adadin ba ya sauka komai daɗewa. A yawancin cututtukan daji, wanda ya cika shekara biyar lafiya ana ganin ya tsallake siraɗi. A wannan babu ranar da za a ce haka.

Ciwon ba mai yawa ba ne. A 2020 an ƙiyasta sababbin masu kamuwa da shi a duniya duka kimanin 45,000, alhali dajin bakin mahaifa ya haura 600,000. Ƙarancin nan ba alheri ba ne gaba ɗaya, domin likita na iya yin shekaru yana aiki bai ga ko ɗaya ba, ranar da ya gani kuma ya ɗauka ƙurji ne. Wurin da yake fitowa shi ne fatar waje: leɓɓan farji manya da ƙanana, da ɗan tsaka, da fatar da ke tsakanin farji da dubura. Kusan tara cikin goma daga saman fata suke tasowa, kuma hanya biyu ke kai mace gare shi. Ta farko ita ce ƙwayar HPV, musamman mai lamba 16, wadda ita ce dai ke haddasa dajin bakin mahaifa; wannan hanya ta fi kama mata masu sauran ƙuruciya, da masu shan taba, da masu ɗauke da HIV. Ta biyu babu ruwanta da kowace ƙwayar cuta, babu ruwanta da saduwa. Wata daɗaɗɗiyar cutar fata ce mai suna laiken sikilerosus, wadda ke mayar da fatar wurin fara, siririya, mai tsagewa, da ƙaiƙayin da ke hana barci. Ta fi samun matan da suka daina al'ada. Mai karatu ya riƙe wannan hanya ta biyu, domin yawancin labarin dawowa a kanta yake.

Likitocin farko sun ɗauka maganin dawowa shi ne a yanka da faɗi. Frederick Taussig a Amurka, wanda ya buga sakamakonsa a 1940, da Stanley Way a garin Gateshead na Ingila bayansa, sun koyar da aikin da ke kwashe fatar gaba baki ɗaya tare da kaluluwar cinyoyi biyu. A tsarin Way duk a dunƙule ɗaya ake ɗauke su, har da fatar da ke haɗa su. Ba za a raina musu ba. Kafin su, waɗanda ke kai shekara biyar da rai ba su wuce ɗaya cikin huɗu ba, su kuwa suka kai adadin wajen 60 cikin 100. Amma matan sun biya da tsada. Fiye da rabin ɗinkunan suna buɗewa, mace ta yi makonni a gadon asibiti ana wankin gyambo, ƙafafu su kumbura har ƙarshen rayuwa, zancen kwanciyar aure kuwa ga da yawa ya ƙare ke nan.

A 1981 Neville Hacker, ɗan Ostareliya da ke aiki a Los Anjelas a lokacin, ya nuna a kan mata 100 cewa ana iya yin yanka uku daban-daban, ɗaya a gaba, ɗaya a kowace cinya, a bar fatar tsakani, ba tare da an ƙara mace-mace ba. Daga nan aka ci gaba da ragewa har aka koma cire ƙarin kawai tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi. Sai wata tambaya ta taso: fata nawa za a haɗa da shi?

Amsar da ta yi shekaru tana mulki ta fito a 1990, ita ma daga Los Anjelas. An duba mata 135. Cikin 91 da tazarar da ke tsakanin ƙarin da bakin yanka ta kai milimita 8 a ƙarƙashin madubin likita, babu ko ɗaya da ciwon ya dawo mata a wurin. Cikin 44 da tazararsu ba ta kai haka ba, ya dawo wa 21. Lissafi ne mai kama hankali, kuma ya shiga kowane littafin koyarwa. Da yake nama yana ƙanƙancewa idan aka tsoma shi a ruwan adanawa, sai likita ya ɗebi santimita 1 ko fiye a jikin mace kafin a samu milimita 8 ɗin. A baya ko a cinya santimita 1 ba komai ba ne. A gaban mace kuwa yana iya kai wuƙa kan ɗan tsaka, ko ƙofar fitsari, ko naman da ke riƙe bayan gida.

Daga baya dokar ta fara tangal-tangal. Wani babban bincike na asibitocin Jamus da aka buga a 2016 ya duba matan da kaluluwarsu ba ta kamu ba, bai ga wani bambanci na kirki ba tsakanin masu milimita 8 da waɗanda ba su kai ba, muddin dai babu daji a bakin yankan. Mutanen Groningen suka sake duba tsofaffin naman da aka ajiye, suka ba da rahoto a 2019 cewa faɗin tazara ba shi ke nuna wadda ciwon zai dawo mata ba. Abin da ke nunawa shi ne irin fatar da aka bari: idan a bakin yankan akwai laiken sikilerosus tare da ƙwayoyin da suka fara lalacewa amma ba su kai ga zama daji ba, haɗarin yana tashi sosai. Shi ya sa a yau ƙungiyar likitocin dajin mata ta Turai ta yarda a rage tazara idan hakan zai tserar da ɗan tsaka ko ƙofar fitsari ko dubura, da sharaɗin bakin yankan ya fita babu daji.

Yaya za a yi a cire ciwo tas, sannan ya dawo? Roman Rouzier da abokan aikinsa a Faransa sun ba da mabuɗin a 2002, lokacin da suka raba dawowar gida-gida: wadda ta fito a kan tabon aiki ko kusa da shi, da wadda ta fito nesa, fiye da santimita 2 daga inda na farko yake, da wadda ta fito a fatar da ke tsakanin gaba da cinya. Masu ta nesa sun fi sauran tsawon rai sosai. Binciken da aka yi a Sidni a 2009 ya ƙara da lokaci. Wadda ke fitowa a kan tabo tana zuwa ne wajen wata 21 bayan aiki, kuma tana da alaƙa da ƙarancin tazara. Ta nesa tana zuwa wajen wata 69, kusan shekara shida, kuma ta fi samun masu laiken sikilerosus. Ta farko saura ce da ta kuɓuce wa wuƙa. Ta biyu ba saura ba ce sam. Sabon daji ne da ya tsiro a fatar da tun asali ba ta da lafiya.

Wannan tunani ya girmi binciken gaban mace. Danely Slaughter, likitan tiyata a Chikago, ya duba naman masu dajin baki 783 a 1953, ya ga fatar da ke kewaye da ƙarin, wadda ido ke gani lafiya lau, ita ma ta riga ta canza. Manomin dawa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Wanda ƙuduji ya shiga gonarsa ya san tuge wanda ya fito ba ya raba shi da shi, domin irin yana kwance a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran damina. Likitan tiyata ya tuge abin da ya fito. Fatar da ta haife shi tana nan, kuma ba za a iya kwashe ta duka ba. Ko an kwashe, laiken sikilerosus na iya sake ɓulla a bakin sabuwar fatar da aka dasa.

A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a gaya wa iyali, domin rashin saninsa yana jawo ɓarna biyu. Idan ciwon ya dawo bayan shekara shida, sai a ce likitan farko bai iya aiki ba, ko kuma a ce tunda asibiti ta gaza to ba ciwon asibiti ba ne, a koma neman wanda ya yi mata jifa. Duka biyun suna cinye watannin da ake bukata.

Fatar da ba ta da lafiya kuwa tana da magani, kuma ba mai tsada ba ne: man shafawa mai ƙarfi na dangin sitiroyid, galibi kulobetasol. Ana shafa shi kullum a farko har fatar ta lafa, sannan a koma sau ɗaya ko biyu a mako, ba a dainawa. Wasu likitocin fata da na mata a Sidni sun bi mata 507 masu laiken sikilerosus, suka buga sakamakon a 2015. Cikin 357 da suka riƙe shafawa yadda aka ce, babu wadda ta kamu da daji ko matakin da ke gabaninsa. Cikin 150 da suka yi ta shafawa suna bari, 7 sun kamu. Ba da ƙuri'a aka raba matan ba, don haka hujjar ba ta kai ƙarshen ƙarfi ba, amma ta isa ta sa likitoci da yawa su ci gaba da ba wa mace wannan mai bayan an cire mata ƙari. Abin takaici, wannan kulobetasol ɗin shi ne ke cikin Dermovate da ire-irensa da ake sayarwa a kasuwanninmu don bilicin. 'Yan mata suna lalata fuskarsu da shi, kakarsu kuma da shi ne maganinta tana can tana susa cikin dare ba wanda ya sani.

Ba wanda ya sani, domin a wurinmu duk ƙaiƙayin gaba sunansa sanyi. Mace za ta je kemis ta ce, "Malam, a ba ni maganin sanyi," a ba ta na matsi da na sha, ta dawo bayan wata biyu a canza mata wani. A wasu ƙauyuka har yanzu ƙaiƙayi yana cikin dalilan da ake yin yankan gishiri. Wadda aka taɓa yi wa aikin daji ba ta tsira daga wannan ba: idan ƙaiƙayin ya dawo, tunaninta na farko sanyi ne, ba ciwon da aka ce an cire ba. Ga kuma kunya. Dattijuwa mai shekara 65 ba za ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta ba, alhali shi ne mai kuɗin mota.

Duk wannan labarin dawowa ta farko ne, wadda ke fitowa a fata. Ta biyu, wadda ke fitowa a kaluluwar cinya, daban take, kuma ta fi muni nesa ba kusa ba.

Kowa ya san kaluluwa. Idan mutum ya ji rauni a ƙafa, wani ɗan ƙulli yakan kumbura a mahaɗar cinya da mara. Waɗannan ƙulle-ƙulle matattara ce da ruwan jiki ke bi ta cikinta, kuma ruwan fatar gaba can yake zuwa. Ƙwayoyin daji suna bin wannan hanya tun ƙarin yana ƙarami. Muddin ya nutse cikin fata fiye da milimita 1, akwai yiwuwar sun isa kaluluwa ko da hannu bai ji komai ba. Shi ya sa ƙari ɗaya tak ake yafe wa taɓa cinya: wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, zurfinsa kuma bai wuce milimita 1 ba.

Wani binciken asibitocin Italiya da aka buga a 2000 ya nuna girman bambancin. Cikin mata 502, ciwon ya dawo wa 187. Fiye da rabinsu a fatar gaba ya fito, kuma 60 cikin 100 na waɗannan suna raye bayan shekara 5. Waɗanda ya fito musu a cinya ko cikin ƙugu, 27 cikin 100. Waɗanda ya tafi sassan jiki masu nisa, 15. Dawowar cinya tana zuwa da wuri, galibi cikin shekara biyun farko, kuma tana zama ne kusa da manyan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙafa, a wurin da tabo ya riga ya taurara. Tana iya fasa fata ta zama gyambon da ba ya rufewa. Haɗa tiyata da gashi, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, ya ɗan gyara al'amarin a shekarun nan, amma har yanzu yawancin waɗanda abin ya same su ba sa warkewa. Ma'anar haka ita ce cinya dama ɗaya gare ta, kuma a aikin farko take.

An koyi wannan darasi ne da rayukan mata. Kwashe kaluluwar cinya duka yana barin kumburin ƙafa da buɗewar ɗinki, don haka likitoci suka yi ta neman hanya mai sauƙi. A Amurka an gwada cire ta sama kawai a bar ta ƙasa. Rahoton 1992 ya nuna ciwon ya dawo a cinyar kusan 7 cikin 100, adadin da ya fi na cikakken aiki ninkin-ba-ninkin. A 1992 ɗin dai aka buga wani gwajin da ya kwatanta gashi da tiyata, wanda aka tsayar kafin ya kai ƙarshe: cikin mata 27 da aka gasa wa cinya ba a yanka ba, ya dawo wa 5, a ɓangaren tiyata kuwa babu ko ɗaya. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙar. An auna hasken ya yi aiki a zurfin santimita 3, alhali hoton sikanin ya nuna a mata da yawa kaluluwar ƙasa ta ninka haka zurfi.

Hanyar da ta yi nasara ita ce ta neman kaluluwar da ruwa ke fara isa. Ana yi wa gefen ƙarin allurar wani sinadari mai fitar da ɗan haske da na'ura ke ji, sau da yawa tare da shuɗin rini, a bi shi zuwa ƙulli ɗaya ko biyu na farko, a cire su kaɗai, a yayyanka su siri-siri a duba. In babu daji, a bar sauran. Ate van der Zee na Groningen ya jagoranci gwajin da ya tabbatar da ita, aka buga a 2008 a kan mata 403. Cikin masu ƙari ɗaya waɗanda ƙullinsu na farko ya fita lafiya, dawowar cinya ba ta kai 3 cikin 100 ba. Kumburin ƙafa ya sauka daga 25 cikin 100 zuwa 2, buɗewar ɗinki daga 34 zuwa 12. Gwaji na biyu, na 2021, ya duba abin yi idan an samu daji a ƙullin. In bai wuce milimita 2 ba, gashi ya wadatar. In ya wuce, gashi kaɗai ya bar dawowa a 22 cikin 100, kwashewa duka kuma ya bar ta a wajen 7.

Sai dai wannan hanya tana da sharuɗɗa: ƙari ɗaya, ƙasa da santimita 4, babu kaluluwar da ake zargi, ga sinadarin, ga na'urar, ga likitan da ya saba. Mata da yawa a Arewacin Najeriya da Nijar sai ƙarin ya wuce wannan iyaka suke isa asibiti. Inda sharuɗɗan ba su cika ba, cikakken aiki shi ne aminci, da kumburin ƙafarsa da komai. Haɗarin da ya fi damuna ma wani ne daban: ƙaramin ƙari da aka ɗauka tsiro ne kawai, aka yanke a ƙaramin asibiti, aka jefar da naman ba a kai gwaji ba. Babu wanda ya san daji ne, balle a yi zancen zurfi ko cinya. Bayan shekara ɗaya sai ga ta da kaluluwa kamar dutse. Duk naman da aka yanka daga wannan wuri haƙƙin mai shi ne a gwada shi, kuma ta riƙe kwafin takardar sakamako da kanta: irin dajin, zurfinsa, yanayin bakin yanka, da abin da aka yi wa kowace cinya. Likitan da zai gan ta a wani gari bayan shekaru da wannan takarda zai yanke shawara.

In ciwon ya dawo, ba a fara yanka sai an ɗauki nama an tabbatar, an kuma yi hoton ƙugu da ciki da ƙirji don a san ko ya tsaya wuri ɗaya. In a fata kaɗai yake, a sake cirewa. Sau da yawa fatar ba ta isa a haɗe baki, sai a juyo wata daga cinya ko gindin ɗuwawu a rufe. Matar da a karon farko ƙulli ɗaya aka cire mata, yanzu galibi sai an kwashe duka. Da yawa suna warkewa, amma kada a ɗauki abin da wasa: a binciken Groningen, bayan shekara 10 dajin bai kashe 90 cikin 100 na waɗanda bai dawo musu ba, a waɗanda ya dawo wa kuwa adadin ya sauka zuwa 69. Kowane sabon aiki kuma yana rage fata, yana matsowa kusa da ƙofar fitsari da dubura. In ya kai can, ana gwada gashi haɗe da maganin sisfilatin, idan ba a taɓa gasa wurin ba, domin fata tana da iyakar hasken da za ta ɗauka a rayuwa. Ana samun gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, Yamai ma ta samu nata a 2021, amma jinyar tana ɗaukar makonni biyar zuwa bakwai kullum ban da ƙarshen mako, wanda ke nufin iyali su nemi masauki da abinci a garin da ba nasu ba. Mataki na ƙarshe shi ne aikin da Alexander Brunschwig ya fara bayyanawa a New York a 1948, na kwashe mafitsara ko dubura ko duka biyu, a fitar da fitsari ko bayan gida ta jikin ciki zuwa jaka. Mata kan fara tambayar alwala da salla kafin su tambayi komai, kuma malaman fikihu suna da sassauci sananne ga mai lalurar da ba ta tsayawa.

Akwai waɗanda ba za a iya warkar da su ba, kuma su ma ba a gama da su ba. Mofin yana kashe zafin, in an ba da shi a kan lokaci ba sai ciwo ya tashi ba. Flagyl, na sha ko wanda aka niƙa aka barbaɗa a gyambo, yana rage warin da ke sa mace ta ƙi yarda kowa ya shigo ɗakinta. Ɗan gajeren gashi yana tsayar da zubar jini.

Tsarin bibiya da aka saba shi ne kowane wata uku zuwa huɗu a shekara biyun farko, sannan kowane wata shida, sannan sau ɗaya a shekara. Ga mai laiken sikilerosus babu ranar sallama. Ba na'ura ake bukata ba, ido ne da haske mai kyau da hannu mai lalube cinyoyi biyu, abin da ungozoma ko nas da aka koya wa za ta iya yi a garinsu. Mai HIV ta riƙe maganinta, mai shan taba ta bari, wadda HPV ce sanadin nata a riƙa duba mata bakin mahaifa da dubura, domin ƙwayar ba ta san iyaka ba. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023 zai rage hanyar HPV nan da shekaru masu zuwa, amma ba ya taɓa ta laiken sikilerosus.

Tsakanin ziyara da ziyara aikin na mace ne, da madubi, sau ɗaya a wata. In ido ya yi rauni ko jiki ya yi nauyi, 'yarta ko wata aminiya ta duba mata. Abin nema shi ne sabon ƙulli, ko wuri mai kauri da tauri, ko fari ko ja da ba ya nan a da, ko tsaga, ko jini, ko ƙaiƙayi da zafin da suka tsaya wuri ɗaya suka ƙi jin man da ya saba kwantar da su, ko kaluluwa a cinya ba tare da rauni a ƙafa ba. Duk wanda ya kai mako uku zuwa huɗu bai tafi ba, ba a canza masa man shafawa, nama ake ɗauka. Ana yin sa a ɗakin duba marasa lafiya da allurar kashe zafi da ɗan ƙarfe mai faɗin milimita 4, cikin 'yan mintoci, mace ta tafi gida a ranar. In sakamako ya ce babu komai amma gyambon bai rufe ba, a sake ɗauka daga wani gefensa.